Da ɗan gari akan ci gari: Tsohuwar ɓarakar intanet da ke fallasa wasiƙun gwamnatoci

A watan Mayun 2025, kamfanin binciken tsaron kwamfuta na ESET, wanda hedikwatarsa ke ƙasar Slovakiya, ya fitar da rahoto kan wani aikin leƙen asiri da ya sanya wa suna RoundPress. Rahoton ya nuna cewa tun daga 2023 ake kwashe wasiƙun imel na ma'aikatun gwamnati da rundunonin soja da kamfanonin ƙera makamai. Akasarin waɗanda abin ya shafa suna Yukiren da Bulgeriya da Romaniya ne, amma a jerin akwai Girka da Sabiya da Ekwado, har da hukumomin gwamnati a Kamaru, maƙwabciyar Najeriya ta gabas. Kamfanin ya ce alamu sun karkata ga ƙungiyar nan da ake kira APT28, wadda Amurka ta daɗe tana cewa reshe ce ta hukumar leƙen asirin sojin Rasha.

Yadda aka shiga akwatunan shi ne abin da ya kamata ya tsaya wa kowane ma'aikaci a rai. Jami'in da aka yi wa kutsen bai sauke wani fayil ba, bai latsa wani mahaɗi ba, babu kuma wanda ya kira shi a waya ya yaudare shi ya faɗi lambar sirrinsa. Wasiƙa ce ta shigo mai ɗauke da labarin abin da ke faruwa a duniya, irin wadda mutum kan buɗe yana shan shayin safe. Buɗewar kaɗai ta isa. A cikin wasiƙar an ɓoye wasu layukan umarni da ido ba ya gani, kuma manhajar imel ta ofishinsa, wadda ya amince da ita, ita ce da kanta ta aiwatar da su: ta tattara wasiƙunsa da sunayen abokan hulɗarsa ta miƙa wa baƙo.

Masana na kiran wannan ɓaraka da haruffa uku, XSS. Ma'anarta a taƙaice ita ce dasa umarnin wani a cikin shafin wani. Ta haura shekara 25 da samun suna, an san maganinta tun lokacin, amma a ƙarshen 2024, da cibiyar MITRE ta Amurka ta fitar da jerin kurakuran manhaja 25 mafi haɗari, ita ce ta zo ta ɗaya.

Kowane shafin intanet gauraye yake da abu biyu. Akwai rubutu da hotunan da mai karatu ke gani, akwai kuma umarni da aka rubuta da harshen JavaScript, wanda burauza, wato manhajar buɗe shafuka irin su Chrome da Firefox, take karantawa ta aiwatar. Wannan umarni ne ke lissafa kuɗin kayan da aka zaɓa, shi ke nuna cewa sabon saƙo ya shigo. Tun tsakiyar shekarun 1990 aka gina wa burauza ƙa'ida guda mai ƙarfi: umarnin da ya fito daga wani shafi ba shi da ikon taɓa kayan wani shafin. Shafin ƙwallon ƙafa ba zai iya leƙa asusun banki ba ko da an buɗe su gefe da gefe. Wannan katanga ce ta sa ake iya ciniki da aikin ofis a intanet.

Mai kutse ta hanyar XSS ba ya wahalar da kansa wajen fasa katangar. Yana neman hanyar da zai sa shafin bankin, ko na imel ɗin, ya furta umarninsa da bakinsa. Duk wanda ya taɓa aiki a sakatariya zai gane misalin. Akawu ba ya biyan kuɗi sai takarda ta fito daga fayil ɗin babban sakatare. Wani ya kawo takardar koke, a ƙasanta ya ƙara layi ɗaya da irin rubutun ofis cewa a biya mai ɗauke da ita. Idan aka cusa takardar cikin fayil ɗin ba tare da an buga mata hatimin da ke nuna daga waje ta zo ba, akawun zai ɗauka umarnin maigidansa ne, ya biya. A nan akawun bai yi laifi ba, domin ƙa'ida ya bi. Laifin na wanda ya haɗa takardar baƙo da takardar gida ne bai bambance su ba.

Haka shafi yake karɓar rubutun baƙi ta ƙofofi da yawa: wurin rubuta suna, akwatin bincike, bayanin kaya, adireshin kai saƙo, da wasiƙar imel kanta. Idan wanda ya gina shafin bai tace wannan rubutu ba kafin ya nuna wa wani, to abin da aka shigar a matsayin suna zai iya fitowa a matsayin umarni. Daga nan duk abin da mai asusun ke iya yi, umarnin ma zai iya yi da sunansa. Sau da yawa abin da ake fara sacewa shi ne 'yar shaidar da shafi ke bai wa mutum bayan ya shiga, mai kama da katin baƙo da ake rataya wa mutum a ƙofar ma'aikata. Wanda ya riƙe katin ba a sake tambayarsa kalmar sirri, ba a kuma sake tura masa lambar tabbatarwa ta waya.

Injiniyoyin Microsoft ne suka raɗa wa matsalar suna a farkon 2000, kuma a watan Fabrairun shekarar cibiyar CERT ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kanta. Mutane da yawa sun ɗauke ta wasan yara har zuwa Oktoban 2005, lokacin da wani matashi ɗan shekara 19, Samy Kamkar, ya dasa umarni a shafinsa na MySpace, wanda shi ne babban dandalin sada zumunta na wancan zamani. Duk wanda ya leƙa shafin sai ya zama abokinsa ba da saninsa ba, umarnin kuma ya kwafi kansa zuwa shafin mai leƙen. Cikin kimanin sa'a 20 abin ya kai ga asusu sama da miliyan ɗaya, har MySpace ya rufe na ɗan lokaci. Matashin bai saci ko sisi ba, amma ya gurfana a kotu, aka yanke masa hukuncin shekara uku a ƙarƙashin sa ido. A Satumban 2010 irin wannan ta afka wa Twitter, inda ɗora linzamin kwamfuta kan saƙo kawai ya isa ya kai mutum wani shafin daban; asusun Sarah Brown, matar tsohon Firaministan Birtaniya Gordon Brown, na cikin waɗanda aka yi amfani da su.

Duk waɗannan a cikin burauza suka faru, inda ɓarnar ke da iyaka. Lamarin ya sauya kama ne lokacin da manyan kamfanoni suka fitar da fasahar shafukan intanet daga cikin burauza suka ɗora ta kai-tsaye a kan allon kwamfuta.

A Afrilun 2005 Apple ya fito da Dashboard, wasu 'yan ƙananan manhajoji da ke zaune a fuskar allo: agogo, kalkuleta, hasashen yanayi, farashin hannayen jari. Microsoft ya biyo baya da nasa a Windows Vista a 2007, ya jera su a gefen allo. Sun yi farin jini domin sauƙin ƙirƙira. Duk wanda ya iya gina shafin intanet zai iya gina ɗaya, tunda da harshe ɗaya ake rubuta su. Sai dai shafin da ke cikin burauza kamar baƙo ne da aka tsayar a zaure, ita kuwa 'yar manhajar gefen allo an ba ta izinin shiga har cikin gida. Tana iya karanta fayilolin mai kwamfutar, tana iya tayar da wasu manhajojin, da cikakken ikon da shi kansa yake da shi. Kuma yawancinsu aikinsu ke nan, ɗebo rubutu daga intanet su nuna: kanun labarai, yanayi, saƙonni. An haɗa ƙofar da baƙi ke shigowa da makullin ɗaka a hannu ɗaya.

Ba a jima ba aka ga sakamakon. Makonni kaɗan bayan fitowar Dashboard wani mai bincike ya nuna cewa ziyartar shafi kawai na iya sa burauzar Safari ta girka wa mutum irin wannan manhaja ba tare da ta tambaye shi ba, Apple ya yi gaggawar gyarawa. A Agustan 2007 Microsoft ya fitar da gyara ga uku daga cikin nasa da suka zo tare da Vista, wato na kanun labarai da na yanayi da na adireshin abokai. Na kanun labaran ya fi ban tsoro, domin kanun labari guda da aka yi wa dashe zai iya bai wa baƙo damar gudanar da abin da ya so a kwamfutar. Waɗannan fa na kamfanin ne da kansa, ba a maganar dubban da mutanen gari suka ƙirƙira suka watsa kyauta. A Yulin 2012, ana gab da taron masana tsaro na Black Hat inda wasu masu bincike biyu, Mickey Shkatov da Toby Kohlenberg, za su baje kolin abin da suka gano, Microsoft ya daina batun faci, ya shawarci masu Vista da Windows 7 su kashe tsarin gaba ɗaya. Apple ma ya cire Dashboard a 2019. Da wuya a ga kamfani ya ce wa jama'a su jefar da kayan da ya sayar musu, kuma hakan ya nuna girman tsagewar bangon.

Sai dai dabarar ba ta mutu ba, riga ta sauya. Da yawa daga manhajojin da ake girkawa a kwamfutocin ofis a yau, irin su Slack da Discord da Signal, an gina su ne a kan wani tsari mai suna Electron, wanda a zahiri burauza ce da aka naɗe shafi ɗaya a cikinta aka ba shi ikon taɓa kwamfutar. A Fabrairun 2020 wani mai bincike, Gal Weizman, ya bayyana cewa manhajar WhatsApp ta kwamfuta tana da irin wannan ɓaraka: saƙo da aka sarrafa, wanda a ido yake kama da mahaɗin wani sanannen shafi, zai iya buɗe hanyar karanta fayilolin da ke cikin kwamfutar wanda ya latsa. Wani ɓangare na dalilin shi ne burauzar da ke cikin manhajar tsohuwa ce, an bar ta a baya alhali an riga an toshe ramin a sabuwar. Kamfanin ya gyara kafin a bayyana. Ga ɗan kasuwar da ke buɗe WhatsApp a kwamfutar shagonsa, kusa da fayil ɗin lissafin bashi da hotunan rasit, wannan ba labarin nesa ba ne.

A wannan shekarar ce kuma aka bayyana wata a Slack wadda za ta iya miƙa kwamfuta baki ɗaya. Tukwicin da kamfanin ya bai wa wanda ya gano ta, Dala 1,750, ya jawo masa surutu a tsakanin masana, waɗanda suka ga kuɗin bai kai darajar abin da aka kare ba.

Tambayar da ta rage ita ce wa ke da alhaki. Shekara da shekaru ana wayar da kan jama'a da cewa kada su latsa mahaɗin da ba su sani ba, kada su faɗa wa kowa lambar sirri. Shawara ce mai kyau, tana kuma maganin 'yan damfarar waya. Amma ba ta da amfani ga jami'in da laifinsa kawai shi ne buɗe wasiƙa a manhajar da ma'aikatarsa ta ba shi. A Satumban 2024 hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, tare da FBI, sun fitar da sanarwa ta musamman kan XSS, kuma ba masu amfani suka yi wa magana ba. Shugabannin kamfanonin manhaja suka fuskanta, suka ce wannan aibi ne da ake iya kauce masa, bai kamata a ci gaba da sayar da kaya da shi ba. Hanyoyin kuwa sanannu ne: a mayar da duk rubutun baƙo ya zama rubutu zalla kafin a nuna shi, a yi amfani da kayan gini na zamani da ke yin hakan da kansu, a gaya wa burauza takamaiman wuraren da aka yarda ta karɓi umarni, a kuma kulle 'yar shaidar shiga yadda umarnin shafi ba zai iya karanta ta ba. Wannan na ƙarshen tun 2002 ake da shi. Babu ɗaya a cikinsu da ke buƙatar sayen wata na'ura mai tsada. Lokaci da kulawa suke ci, su ne kuma abin da ɗan kwangilar da ke sauri ya miƙa aiki ba ya son kashewa.

Rabin alhakin kuma yana kan wanda ya sayi manhajar ya girka. Ɗaya daga cikin ramukan da aka bi a 2023 wajen kai hari kan manhajar imel ta Roundcube an riga an toshe shi tun ƙarshen 2020. Masu manhajar sun yi nasu, ma'aikatun da aka shiga ne ba su sabunta ba. Labarin Zimbra, wata manhajar imel da gwamnatoci ke so saboda arha, ya fi wannan bayyana yadda lokaci ke aiki. Masu binciken Google sun gano ana amfani da wata ɓarakar XSS a kanta a Yunin 2023 kan wata hukuma a Girka. Kamfanin ya wallafa gyaran farko a farkon Yuli. Daga nan ne wasu ƙungiyoyi uku suka far wa hukumomi a Moldoba da Tunisiya da Biyetnam da Pakistan, domin fitar da gyara tamkar shela ce ta inda ramin yake. Wanda ya yi jinkirin makonni wajen sabuntawa ya fi shiga haɗari bayan fitowar maganin fiye da kafinta.

Ta fuskar kuɗi, abin da ya sami kamfanin jiragen British Airways a 2018 ya isa misali, ko da yake ta wata ƙofar aka shiga. Ɓarayi sun samu damar ƙara 'yan layukan JavaScript, kimanin 22, a shafin biyan kuɗi na kamfanin. Na tsawon mako biyu duk wanda ya rubuta lambar katinsa, kwafinta na tafiya wani wuri, tikitinsa kuma na fitowa lafiya lau, shi ya sa babu wanda ya yi zargin komai. Mutum sama da 400,000 abin ya shafa, kuma a Oktoban 2020 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci kamfanin tarar Fam miliyan 20. Makullin nan da ake gani a saman burauza, wanda aka koya wa mutane su duba kafin su biya kuɗi, yana nan daram a duk tsawon lokacin. Abin da yake tabbatarwa kawai shi ne babu mai saurare a hanya. Ba ya cewa komai game da wanda ya riga ya shige cikin shagon.

Najeriya ta tura rayuwar jama'arta kan shafukan intanet cikin sauri. Albashin ma'aikatan tarayya da dama ta IPPIS yake bi, an yi shekaru ana karɓar kuɗin shiga na gwamnati ta Remita, rajistar kamfani da neman fasfo da jarrabawar shiga jami'a duk ta shafi ake yi. Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya tilasta wa 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da Wuse, har da waɗanda a da ba sa yarda da komai sai tsabar kuɗi, rungumar tiransifa da na'urar POS. Kowane ɗaya daga waɗannan shafuka yana da akwatin da baƙo ke rubutu a ciki, kuma a ɗaya ɓangaren akwai ma'aikacin da zai buɗe abin da aka rubuta da asusu mai iko fiye da na kowa. Masu kutse sun san wannan. Sukan dasa umarnin a fom ɗin koke ko na neman aiki, su jira mai kula da shafin ya zo dubawa.

Doka ta fara kama hanya. Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sanya wa hannu a Yunin 2023 ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane ya ɗauki matakan tsaron da suka dace, ya kuma sanar da hukumar NDPC cikin sa'a 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Ga manyan masu riƙe da bayanai tara na iya kaiwa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Akwai kuma cibiyar ngCERT a ƙarƙashin ofishin mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan tsaro, wadda ke fitar da gargaɗi. Amma tara tana zuwa ne bayan ɓarna, gargaɗi kuma sai an samu mai karantawa a ma'aikatar. Inda gizo ke saƙa shi ne takardar kwangila. Shafin da aka ƙaddamar da biki, aka biya ɗan kwangila ya tafi, ba a ware ko kwabo na kula da shi a kasafin shekara mai zuwa ba, zai ci gaba da aiki a ido yayin da ramukansa ke ƙaruwa. Kwangilar da ba ta ce wani na daban ya gwada tsaron shafin kafin a biya kuɗin ƙarshe ba, ba ta kuma faɗi wanda zai riƙa sabunta shi da cikin kwana nawa ba, rabin aiki aka saya.

Akwai kuma batun wanda ya ga rami ya so ya faɗa. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci kan shiga na'urar wani ba da izini ba, don haka ɗalibin kwamfuta a Zariya ko Kano da ya lura da ɓaraka a shafin wata hukuma yana da dalilin yin shiru. Amurka ta magance wannan a 2020 da umartar hukumomin tarayyarta su wallafa ƙa'idar da ke bayyana inda za a kai irin wannan rahoto, da alƙawarin cewa ba za a gurfanar da mai kyakkyawar niyya ba. Tsari ne da ba ya cin kuɗi sosai, adireshin imel ne da mutum ɗaya mai amsawa.

Abin da ya rage a hannun mai amfani kaɗan ne, amma ba a raina shi ba. Kwamfutar da har yanzu ke kan Windows 7, wadda Microsoft ya daina yi wa gyara tun Janairun 2020, ba wurin buɗe asusun banki ba ce, balle idan agogo da kalandar gefen allon nan suna kanta. Saƙon da ke cewa a sabunta burauza ko manhaja ba na dannawa a ce sai gobe ba ne. Fita daga asusu bayan an gama aiki yana kashe katin baƙon da ake sacewa. Ma'aikacin da ke zargin an taɓa akwatinsa kuma kada ya tsaya kan canza kalmar sirri. A harin RoundPress, umarnin da aka dasa wa masu amfani da Roundcube yakan kafa wata doka a cikin saitin akwatin, wadda ke tura kwafin kowace sabuwar wasiƙa zuwa adireshin maharan. Wannan doka tana zama a kan na'urar ma'aikatar, tana ci gaba da aiki ko an goge wasiƙar da ta kawo ta, ko an sauya kalmar sirri, har sai wani ya buɗe sashen tacewa da tura wasiƙu ya cire ta da hannunsa.